Wandon Da Ke Mayar Da Dattijo Sahu

 

Maganar da muka kawo a wannan fitowa ba a saba jin ta a bakin liman ba, don haka tun farko muna neman afuwar iyayenmu da malamanmu. Magana ce a kan kamfai. Eh, kamfai dai da kuka sani, amma wani iri na musamman da aka yi domin ya riƙe audugar tsotse fitsari ko jini, ya hana ta zamewa. Wani zai ce, duk abin da ke damun mutanen Suleja, ga tsadar abinci ga kuɗin haya, sai wannan Malam ya ga dama? To a yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Akwai dattawa a unguwar nan da suka bar sallar jam'i, akwai tsofaffin mata da suka daina zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, alhali ƙafarsu ƙalau. Abin da ya tsare su a ɗaki, sau da yawa, rashin wannan ɗan ƙyalle ne da rashin wanda zai gaya musu akwai shi.

Allah ya zaunar da mu a wuri biyu. Da rana muna shago a kasuwar IBB, muna sayar da sabulu, man shafawa, kayan jarirai, audugar mata da famfas. Da asuba da magariba da isha kuma muna jan salla a ƙaramin masallacin layinmu. Mai zama a waɗannan wurare yakan ji rabin magana a nan, ya ji ragowar a can. A shago, saurayi zai zo ya yi ta dube-dube har sai mutane sun ragu, sannan ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, akwai famfas na manya?" Ba ya faɗin na wane ne, mu ma ba ma tambaya. A masallaci kuwa, bayan an sallame, wani zai matso ya ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya ce in tambayar masa, wai mutumin da fitsari ke ɗiga masa bayan ya yi alwala, yaya sallarsa?" Shekara da shekaru muna jin labarin wannan aboki, har muka gane cewa galibi abokin shi ne zaune a gabanmu.

Akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙasar Katsina, da ya zo garin nan tun ana haƙa harsashin Abuja. Fiye da shekara ashirin wurinsa ɗaya a masallaci, bayan liman ta hannun dama. Sai muka ga ya koma ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Daga nan sai sahun baya. Daga nan sai ya riƙa zuwa da buzunsa yana shimfiɗawa a waje. Ana nan sai aka daina ganinsa ɗungurungum. Kowa ya ce tsufa ne.

Muka je gaishe shi bayan la'asar. Muka tarar da shi zaune a soro, garau, yana jan carbi. Bayan an gaisa muka ce, "Baba, sahu ya yi kewarka. Ko ƙafar ce?" Ya yi shiru har muka zaci bai ji ba. Can sai ya ce, "Malam, ƙafata lafiya lau. Abin da ke damuna ba na faɗa ba ne." Muka ce, "Baba, ai likita da malami ba a ɓoye musu." Sai ya kori jikokinsa daga soron, ya ba mu labari. Fitsari ke zubo masa ba da saninsa ba. Ɗansa ya sayo masa auduga daga kemis, yana sawa a cikin wando. Amma da ya yi ruku'u ya ɗago, ya yi sujada ya tashi, sai ta karkace, fitsarin ya bi gefe. Wata rana da azahar ta sulale ta ƙafar wando ta faɗo a bakin ƙofar masallaci, yara suna kallo. Ya ce, "Tun ranar na ce ni da masallaci sai dai a kai ni a makara."

Abu biyu muka kai masa washegari. Na farko hukuncin larurarsa a littafi. Na biyu wando guda uku masu roba irin na riƙe auduga, a cikin baƙar leda, muka miƙa wa ɗansa muka nuna masa yadda ake sawa. Muka kuma matsa wa ɗan ya kai shi asibiti. Kafin Juma'a ta zagayo dattijon nan ya dawo bayan liman ta hannun dama, kuma a nan ya ci gaba da salla har Allah ya karɓi abinsa.

Me ya sa audugar ke zamewa? Ai ba don tufafinmu aka yi ta ba. A Amurka aka fara sayar da audugar mata ta Kotex wajen 1920, daga irin audugar da aka ɗaure wa sojoji rauni da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekaru masu yawa matansu da ɗamara suke ɗaure ta a ƙugu. Sai wajen 1970 aka fito da mai gam a bayanta, wadda ake mannawa a jikin kamfai. Audugar fitsari ta manya ma a kan wannan tsari ta biyo. Wato mai ƙera ta ya ɗauka cewa duk mai sa ta yana da kamfai da ya kama jiki. To dattijon Bahaushe fa? Wandonsa mai zariya ne, mai faɗi, iska na shiga tana fita. In ma akwai gajeren wando a ciki, shi ma sakwaf yake. Tsohuwa kuwa zane ne da fatari. Ka manna auduga a irin wannan sutura, kamar ka ɗora faifai a kan tulu ne ka ce a yi gudu da shi. Ga kuma sallarmu, tsayuwa, sunkuyo, sujada, zama, tashi, raka'a goma sha bakwai ta farilla kowace rana. Ba abin da ke jarraba auduga irin salla.

Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin Bature ya kawo tasa. Ƙunzugu ai shi ke nan: tsumma mai tsotsewa, da abin da ke ɗaure shi a ƙugu gaba da baya. Asalinsa ma yana cikin Sunna. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Hamnatu 'yar Jahshi ta kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan jinin ciwo da ke zubo mata da yawa. Ya yi mata nuni da auduga. Da ta ce abin ya fi ƙarfin auduga, sai ya umarce ta ta ɗaure wurin da ƙyalle kamar yadda ake sa wa doki linzami. A cikin Sahihu Muslim kuma, a hadisin Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Asma'u 'yar Umaisu ta haifi Muhammadu ɗan Sayyidina Abubakar a Zul Hulaifa, ana shirin ɗaukar harami. Ta aika tana tambaya, aka ce ta yi wanka, ta yi ƙunzugu da tufa, ta ɗauki haraminta. Ba a ce ta koma gida ba. Kun ga auduga da abin riƙe ta, Fiyayyen Halitta da kansa ya yi maganarsu, shi da ya fi kowa kunya. To mu wace kunya ce za ta hana mu?

Yanzu ga hukuncin, kamar yadda muka karanta a gaban malamanmu. Wannan larura ita ake kira salasul bauli. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan fitsarin na zubowa ba da ikon mutum ba kuma ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, to ba ya karya alwala. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya nuna cewa sabunta alwala ga kowace salla mustahabbi ne ga mai wannan larura da kuma mai jinin ciwo. Idan kuwa zuwansa kaɗan ne, lokacin da yake ɗaukewa ya fi yawa, to yana karya alwala, sai mutum ya sake. Ta ɓangaren najasa kuma, Muhtasar na Shehu Halil ya sa irin wannan cikin abubuwan da aka yi afuwa a kansu saboda wuyar kauce musu, masu sharhi suka bayyana cewa wanda abin ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, ba a ɗora masa wanke jiki da tufa duk sanda ya taɓa su ba. Wannan duk ga mai larurar gaske ne. Samarin da ke fama da wasiwasi, suna shiga bayi sau biyar kafin kabbara ɗaya, nasu maganin daban ne: su daina bin kokwanto.

Sai dai akwai wani haƙƙi da ya rage. An yi wa mutum rangwame a jikinsa da tufarsa, amma shimfiɗar masallaci ta jama'a ce, ba a yarda a ɓata ta ba. Nan ne wandon nan ke shigowa. Shari'a ta buɗe ƙofa, shi kuma wandon shi ke ba dattijo ƙarfin zuciyar shiga, don ya san ba zai bar wa na kusa da shi zarni ko danshi ba. Mu ma da muke rubutun nan mun haura hamsin, kuma littafin ya ce makaruhi ne mai wannan larura ya yi wa masu lafiya limanci. In Allah ya jarrabe mu da ita wata rana, za mu ja da baya mu ba wani gaba. Amma taki ɗaya za mu ja, zuwa sahun farko, da yardar Allah.

Bari mu sa hular 'yan kasuwa mu yi bayanin kayan. Iri uku ne a kasuwa. Akwai famfas na manya mai maɗauri a gefe, wanda ya fi dacewa da marar lafiyar da ke kwance. Akwai wanda ake zurawa kamar kamfai, in ya jiƙe a yar gaba ɗaya. Sai na uku, wanda muke magana a kai: auduga daban, wando daban. Wandon na yadi ne mai miƙewa, wani kamar raga, wani kamar rigar sanyi marar nauyi. Shi ba ya tsotse komai. Aikinsa kawai ya manne audugar da jiki ta ko'ina, kada a sami ƙofa a matsematsi. In auduga ta cika a cire ta a sa wata, wandon kuma a wanke a sake sawa. Wanda bai sami na musamman ɗin ba, kamfai na auduga mai roba da ya kama jiki sosai, mai faɗin tsakiya, yana yin aikin ga larura marar yawa.

Wajen saye a kula da awo. A sa tef ɗin tela a auna ƙugu ta inda ya fi faɗi, a duba abin da aka rubuta a jikin leda. Mutanenmu suna son su sayi babba wai don Baba ya sake, alhali in ya yi yawa bai da amfani, in kuma ya matse har roba ta yi shaida a cinya, zai ci fata. Irin na raga, ɗinkin ake juyowa waje don kada ya kwanta a fata, musamman ga wanda ke daɗewa a kwance. Ga namiji mai tafiya da ƙafarsa, ɓangaren audugar mai faɗi gaba ake sa shi. A kuma sani audugar al'ada daban, ta fitsari daban. Ta fitsari tana da wani gari a ciki da ke shanye ruwa da sauri ya mai da shi kamar kamu, ya kuma rage zarni. Ta al'ada ba a yi ta don ruwa mai yawa da ke zuwa lokaci guda ba. Kada a haɗa biyu a ɗora wata kan wata, don bayan kowace leda ce, ta sama in ta cika gefe za ta zubar. Wajen wanki, ruwan sanyi ko mai ɗumi da sabulu ya isa, tafasasshen ruwa yana kashe roba. Mutum ya mallaki aƙalla uku: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye. Duk sanda aka canza auduga a wanke wurin, a tsane shi sosai, a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan, ba a lafta ba, don mai in ya yi yawa yana toshe fuskar audugar. Fatar tsoho ba ta da wuyar saɓulewa, gyambon da danshi ya kawo kuwa ya fi larurar farko wahala.

Maganar kuɗi kuma, mu da ke sarowa mun fi kowa sanin yadda abin ya koma. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, Naira kuma ta faɗi, duk kayan da ke shigowa daga waje suka tashi. A ƙarshen 2023 kamfanin P&G mai Pampers da Always ya ba da sanarwar daina ƙera kaya a Nijeriya, ya koma shigowa da su. A 2024 Kimberly-Clark mai Huggies shi ma ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu. To a yi lissafi. Tsohon da ke canza famfas sau uku a yini, guda casa'in ke nan a wata. Wane ɗan acaba ko ɗan tireda ne zai iya wannan? Shi ya sa ake barin guda ɗaya a jikin tsoho tun safe har dare, fata ta lalace. Wanda ke iya tashi ya je bayi da kansa ba ya bukatar cikakken famfas. Ƙaramar auduga da wandon da ake wankewa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. In ma auduga ta gagara, tsohon tawul mai laushi ko zanen auduga da aka yanka aka ninka, ana wankewa ana shanyawa a rana, yana taimakawa matuƙar akwai wandon da zai riƙe shi. Sai dai a guji irin kamfan nan na roba zalla da ake zubawa a tire, wanki biyu ya saki. Araha ba ta ado.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne. A Japan, inda tsofaffi suka yi yawa haihuwa ta ragu, wani kamfani mai suna Oji ya sanar a 2024 cewa zai daina yi wa kasuwar ƙasar famfas na jarirai, ya mai da hankali kan na manya. Su a kan kanta suke jera shi kamar sabulu. A nan ne ake naɗe shi a baƙar leda kamar kayan sata.

Abin kuma ya fi nauyi a kanmu mu baƙin gari. Tun da gwamnatin Janar Murtala ta yanke a 1976 cewa za a gina sabon babban birni, garin nan ya ba da sunansa na Abuja ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, mutane ke kwararowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya har da Maraɗi. Waɗanda suka zo da ƙuruciyarsu kafin gwamnati ta tare a 1991, yau su ne masu furfura. Wasunmu kuma sun ɗauko iyaye daga gida don su kula da su. A can gida akwai babban gida, akwai ƙanne da matan 'yan'uwa da jikoki, akwai bayan gida a kusa. A nan ɗaki da falo ne na haya, bayi ɗaya na gida goma, da safe sai an yi layi. 'Ya'ya sun fita tun duhun asuba, sun bi ta Madalla da Zuba zuwa aiki a Abuja, ba su dawowa sai bayan isha. Tsohuwa ita kaɗai da surukarta, kuma kun san kunyar da ke tsakaninsu. Wace uwar miji ce za ta ce wa matar ɗanta ta jiƙa shimfiɗa? Sai ta daina shan ruwa, ta riƙa wanke zanenta da tsakar dare a ɓoye. In an yi rasuwa a gida ta ce ba za ta je ba, don ta san awannin da za a yi a mota a hanyar Kaduna, direba kuma ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Sai dangi su ce ta yar da zumunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan sai mu ja kunne. Wando da auduga sutura ce, ba sa warkar da komai. Zubar fitsari alama ce, a je a gano abin da ya kawo ta. Ga maza masu shekaru, sau da yawa kumburin furostet ne, wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara. Yana iya zama ciwon suga, ko ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko abin da shanyewar ɓarin jiki ya bari. Ga mata, yawan haihuwa kan sassauta naman wurin, har tari ko atishawa ya sa fitsari ya fito. Da yawa daga cikin waɗannan suna da magani ko abin da ke rage su. Ga Babban Asibitin Suleja a kusa, ga Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko fitsarin ya ƙi fita sam, wannan ba ya jiran gobe. Ƙin shan ruwa kuwa ƙara ta'azzara abin yake yi, don fitsari in ya yi kauri ya fi damun mafitsara, ya fi zarni. Abin da ya kamata a rage shi ne shayi da kofi da goro, musamman da yamma.

Ga 'yan'uwanmu mata, masu jego suna cikin masu bukatar wannan wando, don kwanakin farko na jinin biƙi auduga mai kauri ake sawa, ita kuma sai da abin riƙewa. Mijin da ke haɗa kayan haihuwa ya sa da shi a ciki. Sai kuma matar da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari. Wannan ba maita ba ce, ba kuma laifinta ba ne, ɓuli ne ya samu tsakanin mafitsara da gabanta, kuma ana ɗinke shi. Tun cikin shekarun 1980 likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara wannan aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, wadda yanzu cibiya ce ta ƙasa ta masu wannan larura. A Kano ma akwai sashensu a Asibitin Murtala. Auduga da wando su ne za su rufa mata asiri a mota har ta isa can, da kuma kwanakin jiran tiyata. Mijin da ya kore ta saboda zarni, ya tuna cewa wajen haifa masa ɗa ta samu.

In an cire auduga, a naɗe ta a leda a ƙulle a kai bola. Kada a jefa a masai, ba ta narkewa, tana cika shadda tana toshe bututu. Kada kuma a jefa a kwata ko rafi. Waɗanda suka ga ambaliyar da aka yi a garin nan a damunar 2017 ba sa bukatar a gaya musu amfanin barin hanyar ruwa a buɗe.

To me muke roƙo? 'Yan'uwanmu 'yan kasuwa da masu kemis, a riƙa saro wandon tare da audugar, awo daban-daban, a kuma koyi bayaninsa. Wanda ya zo yana sassauta murya, a sallame shi ba tare da tambayar na wane ne ba, kuma abin da aka saya a shago ya tsaya a shago. Mu namu, mun ajiye wasu a gida wurin uwargida, don mace ta fi sakewa da 'yar'uwarta. Telolinmu mata, ga sana'a: yadi mai miƙewa yana nan a Kantin Kwari, a ɗinka kamfai mai ɗan aljihu a tsakiya da za a zura auduga ko tawul. Malaman Islamiyya, in an zo babin tsarki kada a tsallake wannan mas'ala da gudu, a tsaya a fassara ta da Hausar da kowa zai gane, ajin matan aure da na dattawa. Kwamitin masallaci, a cikin abin da ake tarawa ranar Juma'a a ware wani abu a hannun mutum ɗaya amintacce, don tsofaffin da ba su da mai saya musu, ba tare da an kira suna a lasifika ba. A kuma gyara bayin masallaci, a bar wa dattawa gefen sahu na kusa da ƙofa in sun nema.

Ku kuma 'ya'ya, ku sa ido. In Baba ya fara ja da baya daga sahu, in Inna ta fara ƙin fita unguwa, in ana yawan shanya zanen gado, kada ku jira su faɗa, don ba za su faɗa ba. Ɗa namiji ya sami mahaifinsa su biyu, 'ya mace ta sami mahaifiyarta. Ba sai an yi dogon bayani ba. "Baba, ga wannan, likitoci sun ce yana da amfani, ga yadda ake sawa." Shi ke nan, a fita a ba shi wuri. Kada a kira shi famfas a gabansa, a ce wando. Kada a bari jikoki su mai da abin wasa. Waɗannan mutane sun wanke mana abin da ya fi wannan, shekara biyu ko uku kowannenmu, suna yi suna mana waƙa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa tsufanmu ya zo da mai kula da mu, ya sa ƙarshen sallarmu ta kasance a cikin sahu. Wanda ke da tambayar da ba ya son yi a gaban mutane, ya same mu bayan sallar isha, ko ya aiko da abokin nasa.